Ranar da Aka Harbi Sarkin Aljanu a Gefen Gonar Dawa

Abubuwa da yawa sun same ni na manta da su tun kafin shekara ta zagayo, amma ranar da aka harbi yayana a gefen gonar dawa, yana sanye da kayan sarkin aljanu, ba na jin za ta fita daga raina muddin ina numfashi.

Lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare a Safana. Ni ba mai magana ba ne. A aji ma idan malami ya nuna ni, sai harshena ya yi nauyi ko da na san amsar. Abin da na iya shi ne karatu, musamman littattafan yaƙi da aljanu, irin masu fitowa kashi-kashi. Ina karanta su a tsanake, har ina iya gaya maka launin rawanin kowane sadauki da hannun da yake riƙe takobi da shi.

Yayana kuwa ba haka yake ba. Shagon cajin waya gare shi a bakin kasuwa, yana tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi, kuma shi da abokansa suna ɗaukar 'yan wasannin barkwanci da waya. Babban burinsa shi ne ya shirya wasa mai dogon zango wanda wani gidan talabijin zai karɓa. Wata rana ina zaune a lungun shagon, muhawara ta kaure a kan wane jerin littattafai ne ya fi dacewa a mayar da shi shirin talabijin.

"Wallahi mai gaggafar nan za a yi," in ji abokinsa mai ɗaukar hoto. "Ka ga sadauki bisa tsuntsu yana keta gajimare, ai kowa sai ya ajiye tuwo ya zo kallo."

"To a ina za ka samo gaggafar?" in ji Yaya. "Ko zakaran Inna za mu ɗaura wa sirdi ka hau?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya kawo na birnin ƙarƙashin teku, Yaya ya ce mu da rijiyarmu ke ƙafewa da rani. Sai ya juyo wurina. "Sarkin shiru, kai da ka haɗiye littattafan nan duka, wanne ka gani?"

Na ce ya ba ni zuwa gobe. Suka sake yin dariya, amma ni da gaske nake. Na koma gida na sake duba su, washegari na kawo amsa. Akwai wani jeri da aljanunsa ke zuwa da siffar mutane. A cikin dutse suke zaune, su sauko fuskokinsu a rufe da baƙin rawani, su kore shanun gari, su kwashi mutane zuwa kogo, har ranar da wani ɗan maƙeri ya tashi ya tunkare su. Na ce wannan ba ya bukatar dabarar kwamfuta. Dutse muna da shi, tela muna da shi, kuma kowane littafi yana ƙarewa daidai inda mutum zai ƙagu ya ji na gaba. Yaya ya daki kafaɗata ya ce ashe shirun nawa ba na banza ba ne.

Yau idan na tuna, abin da ke ɗaure mini kai shi ne duk cikinmu babu wanda gabansa ya faɗi da jin wannan labari. Mun san halin da yankinmu ke ciki. Muna ganin mutanen ƙauyuka suna shigowa gari da tabarmi a ka. Amma a takarda an rubuta aljanu, mu kuma aljanu muka gani.

Aka yanke shawarar a gwada ɗaukar fitowa ɗaya a ƙauyen kakanninmu, ta wajen hanyar Batsari, domin akwai dutse a bayan gari. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsayi. Yaya bai yi gaban kansa ba. Kawunmu ya raka shi wurin mai gari, aka yi gaisuwa, aka ba da izini, har aka sanar a masallaci don kada kowa ya tsorata. Abin da babu wanda ya tuna shi ne gonakin bayan dutsen na mutanen ƙauyen gaba ne, kuma su ba a masallacinmu suke salla ba. A waɗannan ƙauyuka kuwa akwai tsarin da kowa ya sani: wanda ya hango masu rufaffiyar fuska suna fitowa ta daji ba ya tsayawa ya sake dubawa. Waya zai buga. Nan take mata da yara su yi hanyar mota, 'yan sa-kai kuma su ɗauki makamai su shiga cikin dawa.

Bayan la'asar muka fara. Aikina shi ne in zauna gindin wata kanya da littafin a cinya, in tabbatar komai ya yi daidai da abin da aka rubuta. Kusa da ni akwai jarkar jinin wasa da muka haɗa da zobo da sitaci. Yaya ne sarkin aljanu saboda tsayinsa, abokansa kuma su ne aljanunsa. Takubban na katako ne, an shafa musu fenti mai ƙyalli, suna saɓe da su a kafaɗa. Sun sauko daga dutsen sun koma ba sau ɗaya ba, wani lokaci mai hoto ya ce rana ta hana shi gani, wani lokaci ni in ce sarkin aljanu bahago ne, a gyara riƙon takobi.

A saukowa ta ƙarshe komai ya yi kyau. Sun iso gefen dawa ke nan sai na ji ƙara, irin wadda ke sa kunne ya toshe. Yaya ya yi baya ya faɗi.

Ba zan ɓoye abin da ya fara fita daga bakina ba, domin har yau yana ba ni mamaki. Cewa na yi, "Yaya, ai ba a nan yake faɗuwa ba." Sannan na dubi jarkar. A rufe take, cike, ba a taɓa ta ba. Na sake duban rigarsa, na ga kafaɗar ta jiƙe.

Dawa ta buɗe, mutane suka fito da bindigogin gargajiya da adduna.

"Kowa shi kwanta! Wanda ya motsa ya mutu!"

Abokan Yaya suka zubar da takubba suna ihu, "Wasa ne! Fim ne!" Babu mai saurare. Wani saurayi, wanda bindigarsa ke hayaƙi, ya tsaya a kan Yaya ya zaro adda. "Wanga ne ogansu," in ji shi. "Ku dubi rawaninsa."

Ni ba su gan ni ba, kanyar ta kare ni. Ban san yadda aka yi na miƙe ba, na dai ji wata murya da ban san ina da ita ba tana kiran wani dattijo mai furfura da na ga shi ke ba da umarni.

"Baba! Don Allah, Baba! Jikokin Malam ne mu, mai makarantar allo ta garin nan!"

Bindigogi suka juyo kaina. Dattijon ya ɗaga wa saurayin hannu ya dakata, ya tako zuwa gare ni.

"Kowa jikan malam ne in ya ga bindiga," in ji shi. "In kai jikansa ne, mi ke ƙofar makarantarsa?"

"Da durumi ne, Baba. Iska ta kayar da shi shekarar da Malam ya rasu. Kututturen na nan, a kansa ake wanke alluna."

Dattijon ya dube ni. Ashe a gindin durumin nan ya yi karatu yana yaro. Ya sunkuya ya ɗauki takobi ɗaya, ya karya shi a gwiwa. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Icce ne." Ya je da kansa ya yaye rawanin fuskar Yaya. Saurayin ya leƙa, addar ta suɓuce daga hannunsa.

"Kai! Wanga ba mai cajin waya ba ne? Shi ke tura min waƙoƙi ranar kasuwa!"

A babur ɗin saurayin nan muka kai Yaya asibiti, shi a gaba, Yaya a tsakiya, ni a baya na rungume shi. Tun daga dutsen har Safana saurayin kuka yake yana cewa, "Don Allah kada ka mutu a hannuna, ɗan'uwa." Allah ya sa da sauran kwana. Aka ciro abin da za a iya cirowa daga kafaɗar, amma har yau hannun ba ya ɗaguwa sama da kunne.

Da hankali ya kwanta, Kawu ya ɗauke ni muka je ƙauyen gaba ba da haƙuri. A can na ga abin da wasanmu ya yi. Mutane sun bar tukwane a kan wuta, wasu sun yi gudu babu takalmi. Aka shigar da mu gaida wata tsohuwa da ƙafafunta suka kumbura, jikarta na cire mata ƙaya.

"Kai ne mai littafin?" ta tambaye ni. "To ba ni labarin da ya sa ni gudu da tsufana."

Na sunkuyar da kai na ba ta a taƙaice: dutsen, shanun, mutanen da ake kai wa kogo.

"A naku, waɗanda aka kai kogon suna dawowa?"

"Suna dawowa, Iya. A littafi na ƙarshe."

"Nawa ɗan bai dawo ba," in ji ta.

Can ta gyara zama ta ce, "Wanga mun gan shi da idonmu, ɗana, ba sai an sa muna a talabijin ba. Duk littattafan naka babu wani?"

Ban san abin da zan yi ba, sai na fara ba ta labarin gaggafar nan da muka yi wa dariya a shago. Ina cikin bayani na ga bakinta ya motsa.

"Tsuntsu ya ɗauki ƙato da takobinsa? Kai, ƙarya dai!" Ta yi dariya har da tari. "To, wannan za ku yi muna."

Yaya bai bar burinsa ba. Yanzu dabarar kwamfuta yake koyo, kuma gaggafar da ya haɗa ta fi kama da ungulun da ruwa ya doka, amma yara na son ta. Ni kuma har yau idan aka tambaye ni wane littafi ne ya dace da talabijin, ba na fara duba dutse ko tela ko sauƙin ɗauka. Ranar nan ta koya mini cewa kafin ka zaɓi labarin da za ka nuna wa mutane, sai ka fara sanin abin da idanunsu suka riga suka gani. Wanda ya taɓa gudu daga masu rufaffiyar fuska ba ya bukatar a nuna masa su. Tsuntsun da zai ɗauke shi ya yi sama da shi yake bukata, ko da ya san ƙarya ne.