Faten Inna da Shinkafata

Shekarun baya, lokacin da ake tsakiyar aikin madatsar Bakolori, ina amarya a Talata Mafara, mijina yana koyarwa a wata firamare. Makarantar ta cika da yaran da aikin ya taso da iyayensu, wasu daga ƙauyukan Maradun da ruwa ya cinye, wasu daga wajen Bakura inda katafila ta baje gonaki. Da yawansu da yunwa suke zuwa aji. Sai malamai da malaman gona da 'yan kasuwa suka kafa ƙungiyar sa-kai, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, ana dafa wa yaran abinci lokacin tara.

Mu biyu ke girkin, yau ni gobe ita. Ita wata dattijuwa ce da kowa ke kira Inna, mijinta ya rasu, ita ma ruwan ne ya taso ta. Ladanta kwano ɗaya ne da take tafiya da shi ga jikokinta. Ni kuwa gaskiya neman yabo ya kai ni. Na yi makarantar 'yan mata, ina ganin duk garin ba wadda ta kama ƙafata a tukunya.

Ranar girkina dafa-duka nake yi, shinkafa wara-wara, manja da albasa, ƙamshi har bakin titi. Yara su karɓa, su ce "Mun gode, Malama," su zagaya bayan aji. Shi ke nan. Ranar Inna kuwa faten tsaki ne da rama, ruwa tsululu. Amma sai ka ga sun kewaye ta a gindin bishiya, suna sha suna suɗe hannu, wannan ya jingina da ita, waccan tana gyara mata kallabi. Ni ina gefe ina murmushin dole. Kishi ne, ba wani suna da zan ba shi.

Na yi ta zuga mijina har ya kai ni wurin shugaban ƙungiya. Na ce, "Alhaji, yaran mutane ruwan rama za su yi ta sha? Tsakin da ake auna mata ai ya fi ƙarfin abin da nake gani a tukunya." Ban ce ta ɗiba ba, amma na san abin da na shuka. Washegari aka ce Inna ta huta, girki ya dawo hannuna duka. Har lalle na sa a makon.

Kwana goma ina zuba shinkafa, ina jiran a kewaye ni. Ba wanda ya zauna. Rana ta goma sha ɗaya wata yarinya 'yar ajin mijina ta yanke jiki ta faɗi bayan an koma aji. Da ta farfaɗo aka tambaye ta, ta ce rabonta da abinci tun jiya da safe. Alhali da hannuna na cika mata kwano.

Kashegari na lallaɓa bayan aji na leƙa. Maza na juye shinkafar a hula, mata na ƙullewa a bakin zane, wani da gwangwanin madara. Abin da ya maƙale a kwano kawai suke lasa. Na tsare yarinyar, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ƙannena ukku na gida, Malama. Ba a aza tukunya ba."

Da la'asar na sa mayafi na nufi bukkar Inna. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi Malam, ta tambayi gajiya, kamar ba abin da ya faru. Na duba murhunta, ba ko toka mai ɗumi. Da ƙyar na faɗa mata abin da na gani.

Ta ce, "Ɗiyata, tsammani kike ban iya shinkahwa ba? Cikin hwadama anka haihe ni. Amma duk abin da ka ƙulluwa, gida za shi tahi. Hwate kau ba ya shiga hula. Da gangan nika sake mai ruwa, don su zamna gabana su shanye. Tsakin da yar rage, shi nika ƙara musu ran da sunka yi yawa."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na koma wurin Alhaji, a gaban mutane, na janye maganata da bakina. Inna ta dawo. Daga nan aka tsara: fate tukuna, a sha a gabanta, sannan shinkafata kaɗan ta tafiya gida.

Na so in ce muku kishin ya wuce tun ranar, amma ƙarya zan yi. Na koyi faten a hannunta, tsaki ɗaya, rama ɗaya, yara suka ɗanɗana suka ce bai kai na Inna ba. Na iya girki, ita ta san yunwa, kuma yara sun san bambancin. Allah ya jiƙanta da rahama. Shekara huɗu muka yi muna girki a murhu ɗaya, ba ta taɓa tayar min da abin da na faɗa a kanta ba, ko da wasa. Wannan haƙurin nata ma, har yau ina kishinsa.