Hancin Mukhtar

Bana shekara tara ke nan da rasuwar mijina Mukhtar, Allah ya jiƙansa. Idan na tuna shi, wani zauren biki a unguwar Perry Barr ta Birmingham ne ke fara zo mini. Maza sun cika wurin, kowa kamar da turare ya yi wanka, sai wani dogo ya gifta ta gabana, babu ƙamshin komai a jikinsa. Ni da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashin kai, na san gwarzon labari ƙamshinsa ke riga shi shigowa ɗaki. Sai da na waiga na sake kallon wannan.

Na tare a gidansa a unguwar Moss Side ta Manchester da akwati guda na humra da turaren wuta. Ya roƙe ni kada in kunna sai ƙarshen mako, kayan aikinsa ma a mota yake barinsu. Litinin ya kama hanyar Scotland, Alhamis ya dawo. Ya ce aikin sinadarai yake yi. Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba.

Hancinsa wani kamfanin giyar wiski ya ɗauka aiki. Yawancin wiskin da ake sayarwa gauraye ne. Ana ɗebowa daga ganguna daban-daban na katako da suka yi shekaru a ajiye, a haɗa har na bana ya zo daidai da na bara. Masu haɗin da sansanawa suke gane mai kyau, turare kuwa yana rikita hanci. Mukhtar bai taɓa kai ko ɗigo bakinsa ba.

Bayan an haifi 'yarmu Ummi ya faɗa mini da kansa.

"Baban Ummi, giya kake haɗa wa mutane?"

"Sansanawa kawai nake yi, Rabi."

"To ai mai shan da hancinka yake sha."

Ban yi yaji ba, ban kai ƙara gida ba. Ina son mutumin nan, kuma na ƙudurta ba zan zuba ido ya je gaban Allah da wannan aiki a wuyansa ba. Duk Litinin in raka shi bakin ƙofa in ce, "Allah ya kawo ranar da za ka daina wannan tafiya." Wani lokaci ya ce amin, wani lokaci ya buga ƙofar mota. Sai da Ummi ta shiga makaranta ya ajiye aikin.

Tuƙin bas ya koma a Manchester. Yakan dawo yana dariya, ya ce tun daga ƙofa yake gane fasinjan da ya ci tafarnuwa. Amma ba zan ce bai yi kewa ba. Na sha ganinsa bayan ruwan sama a jikin shingen katakon maƙwabta, ido a rufe, yana shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙen katakon. Bai taɓa yi mini gori ba, ni ma ban taɓa cewa da na sani ba.

Yanzu ga kwalabe a manyan kantuna, kamar wiski amma an ce babu maye a ciki. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin zai buɗe ɗaya ya sansana, ya yamutsa fuska, ya ce ƙamshin hayaƙin da ke ciki ya yi yawa, sannan ya mayar.

Abin da ya bari na gan shi bara. Ummi ta gama jami'a, hancin ubanta ta ɗauko. Wani tsohon abokin aikinsa ya kira ta a waya, ya ce akwai gurbi a Scotland ga 'yar Mukhtar. Ina zaune ina ji, na kama bakina da ƙyar. Ta yi masa godiya da Turancinta na 'yan Manchester, ta kashe waya ta dube ni.

"Mama, Baba da ƙafarsa ya fito daga wurin nan. Ba ni zan mayar da sunansa ba."

Yau tana Birmingham, a wani kamfanin haɗa ganyen shayi. Shayin da ake dafawa a gidana, Ummi ce ta sansana ta ce ya yi.