Haƙorin Dada da Ban Cire Ba

Ni cire haƙori na gada. A kasuwar Mubi nake zama da tabarma da filaya da ruwan gishiri, kuma tun ina saurayi ba wanda ke taɓa bakin mahaifiyarmu, da muke kira Dada, sai ni.

Sai autanmu ya tafi makarantar likitan haƙori. Ni aji huɗu na tsaya, shi kuwa ana ta yi masa addu'a kamar zai hau sama. Ya zo hutu da damina, daidai lokacin da turmin haƙorin Dada na hagu ya hana ta cin tuwo. Na tafasa filayata, na je gidanta a Kolere cikin taɓo har gwiwa. Na tarar da shi a gabanta, ya sa safar hannu.

"Hamma, dakata tukuna," in ji shi, don haka yake kirana, wato yaya.

Na ce, "Haƙori nawa ka taɓa cirewa?"

Ya ce ko ɗaya. Wai a makarantarsu a kan mutum-mutumi mai haƙoran roba ake fara koyo, kuma ɗalibi ba ya taɓa bakin mutum da ƙarfe sai malami na tsaye a kansa. Na yi dariya har da tari. Na ce, "Dada, kin ji likitan 'yar tsana."

Bai kula ni ba. Ya shiga tambayarta: yaushe ya fara, ruwan sanyi ko na zafi ke tayar da shi, tana shan maganin hawan jininta? Wai haka aka koya musu, a saurari mai haƙori kafin a duba haƙori, cirewa kuma ita ce ta ƙarshe. Ya haska bakin, ya ce kogo ne, ciko zai iya riƙe shi, amma a asibiti.

Dada ta dube ni, ta dubi filayar.

"Kai babba, ba ka taɓa tambayata komai ba. Buɗe baki kawai kake cewa."

Ta ɗauki mayafinta ta bi shi, suka hau keke napep zuwa asibiti.

Turmin yana nan har yau. In baƙi suka zo sai ta wangale baki ta nuna musu cikon, ta ce aikin autanta ne, alhali shi rakiya kawai ya yi. Giɓin da na bar mata a dama, wanda ya raba ta da ciwo shekaru, ba ta taɓa nuna wa kowa ba. Ranar sallah ina zaune ta tauna nama da wannan gefen na hagu. Na kasa gama nawa.