Ginshiƙin da Kawu ya ƙara

Shekarun baya can, lokacin farin da ya busar da rijiyoyin ƙauyenmu a gefen Tozai, tanki ɗaya ya rage wa gari da Fulanin da ke kewaye. Yana zaune ne a kan bim, wato dogon gungumen kankare da ke kwance, bisa ginshiƙi biyu. Ni kuwa sabon injiniya, ana ta yi mini kallon gajeren nan mai biro a kunne.

Kawuna, shugaban masu kula da ruwan, ya ga tsakiyar bim ɗin babu abin da ya tallafe ta, hankalinsa ya tashi. Ya kira gayya aka gina ginshiƙi na uku a tsakiya, aka matse shi tam. Ba a jima ba tsaga ta fito a saman bim, daidai kan sabon ginshiƙin. Sai aka aiko mini.

Da ginshiƙi biyu lissafi ba wuya, kowanne ya ɗauki rabi. Da uku, raba nauyi kawai ba ya isa. Sai ka cire na tsakiya a takarda, ka ga iya lanƙwasar da bim zai yi, sannan ka nemo ƙarfin da zai tura shi ya koma daidai. Da na yi, na tsakiya ya kwashe fiye da rabin kayan. Ga lakar da ke ƙarƙashin ginshiƙan ta bushe ta tsuke, na gefe sun ɗan nutse. Bim yana karyewa ta sama, inda rodinsa bai taka kara ya karya ba.

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, sai an sassaƙe kan wanda kuka gina."

Ya ce, "Kai! Mutane na ƙara ma gini ƙahwa, kai kana ragewa? Wanga boko naka lahiya?"

Na nace. Aka rabar da ruwan tas, aka sassaƙe kan ginshiƙin har hannu yana wucewa tsakaninsa da bim. Da za a tayar da injin da ke tura ruwa cikin tanki, Kawu ya nuna ƙarƙashin tanki. "In ka yarda da lissahinka, zamna nan."

Na zauna. Na san lissafina daidai ne. Ruwa na hawa, ina jin ƙararsa a kaina. Can sai ga Kawu ya tattaro riga ya zauna kusa da ni.

"Kun yarda ke nan?"

"Ban yarda ba. In ya hwaɗo maka kai ɗai, mi za ni ce ma ƙanwata?"

Tanki ya cika, tsagar ta haɗe bakinta, shanu suka sha.

Yau ina koya wa ɗalibai wannan hanya, kuma nakan gaya musu ƙarin tallafi ba kullum ne ƙarin ƙarfi ba. Amma duk ranar da na zana ginshiƙi uku a allo, sai na yi kewar Kawu, Allah ya jiƙansa. Har ya rasu bai yarda da lissafin nan ba, kuma ran nan bai tashi daga gefena ba sai da tanki ya cika.