Malam Khalilu da Autar Inna

Malam Khalilu bai taɓa shiga aji ya zauna a kujerar baƙi ba. Ko an goge masa benci da gefen riga, wucewa yake can baya ya raɓe cikin yara, ya naɗe dogayen ƙafafunsa, gwiwoyi har kusan haɓa. Malaman firamare daga Makoda zuwa Kunci sun san wannan zama nasa, kuma da farko babu wanda yake son sa.

Ɗan malamin allo ne, a wani ƙauye kusa da Makoda aka haife shi. Mahaifinsa ya ba da shi boko ne don ya dame shi da tambaya, ya ce a je can su ma su ɗanɗana. Ya gama kwalejin horon malamai, ya daɗe yana riƙe da alli, sannan ofishin ilimi ya ɗora masa aikin zagaya makarantu yana ba malamai shawara kan yadda za su koyar. Dabararsa guda ce: ba ya kallon malami, yara yake kallo. Kuma bai taɓa gyara wa malami a gaban ɗalibansa ba. Sai an tashi zai ja shi gindin darbejiya, ya fara da tambayar mutanen gida.

Aka shiga shekarun farin nan da gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Albashi ya zama sai an gani. Malamai suka riƙa sulalewa birni da sunan ci-rani, ba su dawo ba. Babur ɗin Malam Khalilu ya kwanta, ya koma kan tsohon kekensa, amma bai fasa zagaye ba. A wata makaranta bayan Kunci malamai biyu suka rage: hedimasta mai fama da ciwon ƙafa, da Malama Hure, wadda aka haɗa mata manyan azuzuwa a ɗaki ɗaya.

Hure ta iya koyarwa, wannan ya gani tun zaman farko. Amma kusa da shi akwai wata yarinya mai shuɗin kallabi, duk tambayar da aka yi sai ta ɗaga hannu, idon malama kuwa ya bi ta kanta ya wuce. Da aka zo duba aiki, Hure ta duba na dama da ita, ta duba na hagu, ta tsallake ta. Ya leƙa littafin yarinyar, babu ko ɗigon jan biro. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Da ya tambayi hedimasta, sai ya ce sunanta Kaltume, ba ta ja a karatu, kuma ba za a sa ta jarrabawar shiga sakandare ba. A shekarun nan, wadda ta rasa jarrabawar ta gama boko ke nan.

Bayan an tashi Malam Khalilu ya ce wa Hure, "Malama, yarinyar nan mai shuɗin kallabi, me ta yi miki?"

Hure ta sunkuyar da kai tana zane ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. Can ta ce, "Malam, ai ta wajen Inna ce."

Nan take ya gane. 'Yar farinta ce. A ƙasar nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kula shi a gaban mutane, balle ta yabe shi. Tun yaye Kaltume take hannun kakarta. Da can Hure kan san yadda ta yi yarinyar ta faɗa ajin wani, sai fari ya kori malamai ya jefa 'ya a ajin uwa.

"Ina ganin hannunta ta gefen ido," in ji Hure. "In na kira ta, gobe garin nan kowa ya ce boko ta cire min kunya. In na ƙyale ta, ni na cuce ta."

Da wani ne, da ya zazzage mata karatun kwaleji ya hau kekensa. Malam Khalilu kuwa shi ma "babban nan" yake ce wa nasa ɗan farin, ya san ba a cire wannan abu da huɗuba. Sai ya nemi a nuna masa gidan Inna Fadima, mahaifiyar Hure. Ya same ta a zaure tana tsince ɗan waken da ya rage.

Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, Kaltume 'yar wace ce?"

"Tawa ce mana. Wa ya goya ta? Waccan haihuwa kawai ta yi."

"To 'yarki za ta rasa jarrabawa, Inna. Malamarta ba ta duba aikinta."

Tsohuwa ta buɗe baki za ta tambayi wace malama ce, sai ta rufe. Ta daɗe tana juya wake a faifai. "Kai ɗan nan," ta ce, "da ganinka ka ba uwarka wahala."

Washegari ana tsakiyar darasi sai ga Inna Fadima da sandarta, riƙe da wuyan hannun Kaltume. Ta tsaya a ƙofar aji ta ɗaga murya yadda matan da ke bakin rijiya za su ji.

"Malama, ga autata na kawo miki. Ƙanwarki ce, amanata ce. Ki duba ta kamar 'ya'yan kowa. In kika tsallake ta, ni kika tsallake."

Hure ta durƙusa ta ce ta karɓa. Da ta miƙe sai ta juya ga allo kamar mai neman alli, alhali yana hannunta. Sannan ta ce, "Autar Inna, taso ki karanta mana."

Yarinyar ta fito tana tuntuɓe da kalmomi. Hure ta matso, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin layin, suka bi shi tare har ƙarshe. A bayan aji daɗi ya cika Malam Khalilu har idonsa ya kawo ruwa, ya shiga gyara hular da babu abin da ya same ta.

Da ƙyar Kaltume ta ci jarrabawar, amma ta ci. Ruwa ya dawo, wasu malaman ma suka dawo suna sosa ƙeya. Malam Khalilu ya ci gaba da zagaye har gwiwoyin nan suka ƙi naɗuwa, ya ajiye aiki ya koma gona.

Yau Kaltume ce ke riƙe da ajin. Har yanzu Hure ba ta taɓa furta sunanta ba. In aka tambaye ta wa ya gaje ta, sai ta kau da kai ta ce, "Autar Inna ce." Ran da tsoho Malam Khalilu ya leƙo kuwa, ba a kawo masa kujera. Kaltume kan ce wa yaran layin baya su matsa, Malam zai zauna.