Takubban da Muntaka Ya Wasa

A unguwar Sa'alaba ta Jidda, in ka ji ƙarfe yana kuka tun da hantsi, to Muntaka Jaji ya buɗe rumfa. Shekara arba'in yana wasa wuƙaƙen mahauta da almakasan teloli a Jidda, sana'ar da ya gada wurin mahaifinsa a Sudan. Hannunsa na hagu ba gashi ko ɗaya, don a nan yake gwada kaifi. Yana da wata magana da maƙwabta suka haddace tsaf: ƙarfen da ya kwana a wurinsa, in bai aske gashi ba, a daina ce masa ɗan Jaji. Ko cokali ka manta a rumfar nan, ka yi hattara ranar da za ka kai shi baki.

'Yarsa Nuha ce ta jawo masa. Haifaffiyar Jidda ce, tana aiki a kantin magani, tana jin Hausa sarai amma in ta buɗe baki rabi Larabci ne. Ta shiga wata ƙungiya ta mutum biyar da ke haɗuwa a wani tsohon sito a Khumra, suna koyon faɗan takobi irin na Turawan da, daga zanen littattafai masu shekara ɗari biyar. Shugabansu wani injiniya ne ɗan ƙasa, Meshari. Takubba huɗu kacal suka mallaka, daga Turai aka yo odarsu, sai da aka yi wata biyar ana jira. Da gangan aka ƙera su dakusassu don kada a raunata juna, kuma wannan bayanin ne Nuha ba ta tsaya ta yi wa mahaifinta ba.

Laimar teku ta sa takubban sun yi tsatsa, ga shi saura kwana uku su yi wasansu na farko a gaban jama'a, wanda suke fatan ya jawo musu sababbin mutane. Nuha ta bugi ƙirji a gaban Meshari, ta ce babu wanda ya kai babanta sanin ƙarfe a Jidda. Ta kwaso takubban ta kawo rumfa.

"Baba, tsatsar kaɗai za ka goge. Bas!"

"Na ji," in ji Muntaka, wanda ba ya jin kowa in ƙarfe na gabansa.

Tana fita ya shafa bakin takobi da babban yatsa, sai tausayi ya kama shi. An cuci yaran nan! Bature ya sayar musu da muciya ya ce takobi ne. Ya ture wuƙaƙen mahauta gefe, ya duƙufa kwana biyu cur, yana yi yana murmushin irin godiyar da za a yi masa.

Da Nuha da Meshari suka zo karɓa, Muntaka ya ɗaga takardar jarida, ya ratsa ta da takobi ba ko ƙara, ta rabu biyu ta faɗi. Ya tsaya yana jiran yabo. Meshari ya nemi bokiti ya kifa ya zauna, ya dafe kai yana salati. Nuha kuwa hawaye ne suka zubo mata.

"Ya Baba, da waɗannan muke dukan juna! Ni ake duka da su! Kuma na ce musu ka fi kowa sani."

Maganar ƙarshen nan ita ta soke shi. Yarinyar da ba ta taɓa gaya wa ƙawayenta sana'ar ubanta ba, yau ta yi tinƙaho da shi, shi kuma ya watsa mata ƙasa a ido.

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Ku dawo gobe da safe."

Ya sauko da ƙofar rumfa rabi don kada mahauta su gani, ya ɗora bakin takobi a kan dutse, ya shiga kashe kaifin da ya wuni biyu yana rainonsa. Yana yi yana neman gafarar mahaifinsa. Mahauta kuwa, da yake ba a ɓoye musu abu, kafin la'asar sun raɗa masa Muntaka Mai Dakusarwa. Har yau sunan bai fita ba.

An yi wasa lafiya, takubban sun ɗan rame amma ba wanda ya zubar da jini. Mutum biyar suka zama ashirin, ashirin suka zama sittin, har aka bar siton Khumra aka kama zaure a Sharafiyya. Nan aka gano amfanin tsohon. Duk lokacin da takubba suka gwabza, sai 'yar ƙaya ta tashi a bakin ƙarfe, wadda ido ba ya gani amma tana yaga fata. Yatsan da ya shekara arba'in yana farautar kaifi ba ya kuskure ta. Aka ajiye masa tebur a bakin ƙofa, babu takobin da ke shiga fili sai ya shafa ya ce, "Yalla." Har Meshari ya taɓa korowa sau biyu, kuma ya ji daɗin hakan ƙwarai.

Bara aka yi gasar mata ta farko, Nuha ta kai wasan ƙarshe da wata mai suna Shahad. Takobin Shahad sau uku Muntaka ya shafa shi, har ya ɗaga shi ya duba a haske, 'yan kallo suna dariya, sun san don wa ake yi. Bai sami komai ba. Nuha ta miƙo nata, ɗaya daga cikin huɗun nan na farko, wanda hannunta ya saba da shi. Yatsansa ya tafi, ya tsaya, ya koma baya. Ya ajiye takobin a ƙarƙashin tebur.

"Ki ari wani."

"Baba, ni ce fa! Da shi kaɗai na iya!"

"Na san ke ce," in ji shi, bai ko ɗago kai ba. "Ita ma wadda za ki sara 'yar wani ce."

Da takobin aro ta shiga, aka cinye ta da maki ɗaya. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. A rana ta uku ta zo rumfa, ta ajiye takobin a kan dutsensa, ta jawo bokiti ta zauna.

"Nuna min inda ka ji," ta ce, da Hausa tsantsa, ta miƙa masa babban yatsanta.