Minti Goma a Ɗaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyar ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu cigiyar fura da masu cigiyata ni kaina, duk na ga saƙonninku. Ba shariya ba ce, jinya na yi.

Da ciwon ƙeya abin ya fara. Na ɗora wa zafin Minna laifi, na riƙa afa farasitamol ina wucewa. Kun san halina, ina sallame sallar asuba ko sallaya ba na naɗewa, ido na kan waya ina duba masu oda, ƙafa ta riga ta kai kicin.

Wata Talata da safe ina mulmula fura, sai hannuna na hagu ya saki. Na buɗe baki in kira maigidana, Baban Hafsa, maganar ta fito a karkace, ni kaina ban gane abin da na faɗa ba.

Ko takalmi bai tsaya sakawa ba, ya taro keke napep daga bakin titin unguwarmu Fadikpe muka nufi asibiti.

Kwanana shida a kan gado. Awon jini safe da yamma, gwajin zuciya, hoton ƙwaƙwalwa. Hoton nan kaɗai ya cinye kuɗin geron wata guda. Baki ya dawo daidai a rana ta biyu, hannu kuwa sai a hankali.

Likita ya ce, "Hajiya, hawan jini ne, kuma ya daɗe. Wannan karon ƙofa kawai aka ƙwanƙwasa miki. In bai sauka ba, na biyun ba ya yin sallama."

Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Innata shekara bakwai ta yi kwance da shanyewar ɓarin jiki, babu baki, mu ke juya ta. Na san abin da na biyun yake nufi.

Ranar sallama, nas ɗin da ta fi kula da ni, Sista Rifkatu, 'yar Gbagyi, ta jero mini dokoki da Hausarta ta Minna wadda mace da namiji duk "ka" ne. "Mama, magani kullum. Gishiri kadan. Kuma da safe, kafin ka taba waya, kafin ka taba tukunya, minti goma a daka. Ka ja numfashi, ka sake."

Na ce to, motsa jiki ke nan. Ai daka da jan numfashi tare suke tafiya.

Washegari na jawo turmi. Baban Hafsa ya ce, "Anya, Maman Hafsa? Mai hawan jini da taɓarya?" Na ce masa asibiti suka ce, shi likita ne? Ya ƙyale ni da turmina.

Kwana tara ina kirɓa gero da hannu ɗaya, ina haki, wai ni mai bin doka. A na goma jiri ya ɗebe ni a gindin turmi.

Muka koma. Aka auna, jini na nan sama. Sista Rifkatu ta tambaye ni ko ina yin minti goman, na ce har sha biyar nake yi, geron ma ya fi laushi.

Ta dafe kai. "Wane gero? Mama, daka! Cikin daki! Ka zauna kawai, kar ka yi komai!"

Ɗaka take nufi.

Shekarata ashirin a garin nan, na san sarai yadda ake cewa "daki" da "kofa". Kunnena ne ya zaɓi abin da ya saba. A ce mini in zauna haka kawai, wannan kam bai taɓa shiga kaina ba. Baban Hafsa ya yi dariya har da riƙe bango, ni kuwa kunya kamar in nutse.

Likita ya canza mini ƙwaya ɗaya, Sista kuma ta zaunar da ni ta nuna mini. A jingina baya, a ɗora tafin hannu a ciki, a ja iska ta hanci ana ƙirgawa har huɗu, a sake ta a hankali har shida. Tunani in ya gudu, a dawo da shi ba faɗa.

Wallahi daka ya fi sauƙi. Ranar farko minti biyu na yi, zuciyata ta tafi kasuwa sayen nono. Rana ta huɗu kuka ya zo mini, ban san daga ina ba. Na bar shi ya gama.

Yanzu bayan azkar ina nan kan sallaya, waya tana falo. Ina jin famfo yana tari in ruwan dam ɗin Tagwai ya iso, ina jin maƙwabciyata tana shara tana waƙar cocinsu. Ashe duk shekarun nan ana wannan a bayan tagata. Daga nan in sha magani, in auna jini, sannan in shiga kicin. Gero kuwa inji ake kai shi.

Makon jiya likita ya duba katina ya ce, "Haka nake so. Sai bayan wata uku." Na fito na zauna a benci, sai hamdala nake yi.

Na gode wa Allah. Na gode wa Baban Hafsa, duk da har yau yana tsokanata. Sista Rifkatu, Allah ya raya miki zuri'a.

Shawarata: ciwon ƙeya in ya nace, ku je a auna ku. Zaman safe ba ya maye gurbin magani, tare ake yin su. In an ba ku doka a asibiti, ku maimaita ta da bakinku kafin ku fito. In kuma baki ya karkace ko hannu ya saki, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a nufi asibiti nan take.

Na daɗe ina fargabar ranar da Hafsa za ta riƙa juya ni a gado. Yau da safe ni na yi mata kitso, da hannu biyu.